Filin Tarbiyya: Yaro Ya San Daidai, Amma Yana Tsoron A Ware Shi

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata, da yawansu kuka ɗaya suke yi: yaro a gida salihi, da ya shiga cikin 'yan ajinsu sai ya bi yarima a sha kiɗa. Mun ɗauki shida daga ciki, kuma kamar kullum mun sakaya sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 12, bana ya shiga JSS1. Tun zangon farko kuɗi ke ɓacewa a jakata, yau ₦200 gobe ₦500. Ranar da na kama shi da ₦1,000 daga kuɗin adashina na matsa masa, sai ya ce shi da abokansa karɓa-karɓa suke yi wajen sayen awara da lemo lokacin tara, duk wanda ranarsa ta zo bai saya ba sai su daina yi masa magana, su riƙa ce masa ɗan matsiyata. Babansa ya zane shi har sau biyu. Bai daina ba, ƙara iya ɓoyewa kawai ya yi. Yaya zan yi?
Wata uwa, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Ke da bakinki kin faɗi abin da dukan ya haifar. Lissafi yaron ya yi. Bulala biyar zafinta na minti goma ne, amma a ce 'yan aji sun daina kula ka, kullum lokacin tara kana jingine da bango kana kallon takalminka har a buga ƙararrawa, wannan zango guda ake yi ana sha. Ga shi bara shi ne babba a aji shida, bana ya koma ƙaramin kowa a inda bai san kowa ba.

Kuma kada ki ce ɗanki ne kaɗai mai raunin zuciya. A shekarar 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya tara ɗaliban jami'a yana nuna musu layuka a kan kati, yana tambayar wanne ne tsawonsa ya yi daidai da wanne. Amsar a fili take. To amma ya riga ya haɗa baki da duk mutanen ɗakin ban da mutum ɗaya, su riƙa faɗin amsar da ba daidai ba. Kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sai da suka bi jama'a aƙalla sau ɗaya, alhali idonsu na ganin gaskiya. Da ya sa mutum ɗaya tak a ɗakin ya riƙa faɗin amsar daidai, bin jama'ar ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake a da. Samari ne fa masu gemu, ba 'yan JSS1 ba. Wannan mutum ɗayan shi za mu nemo wa ɗanki.

Ki fara da hira, amma ba a ranar da kika kama shi ba, kuma ba a gaban ƙannensa ba. Ki bari sai hannunku na kan wani aiki, kuna tsintar wake ko yana riƙe miki tsani, domin yaro ya fi sakin baki idan ba a tsare shi da ido ba. Ki bar tambayar "me ya sa ka yi?", ba ta da amsa sai shiru ko ƙarya. Ki tambaye shi su nawa ne a ƙungiyar, wa ya kawo tsarin, nawa ake kashewa a rana. Sannan ki yi tambayar da ta fi kowacce: akwai wanda ya taɓa ƙin saye, ko wanda shi ma abin ya ishe shi? Da wuya a rasa. Wannan yaron ki sa ɗanki ya gayyato shi gida ranar Asabar, ki san uwarsa.

Satar kuwa a raba ta da maganar abokai, sata sunanta sata kuma sai ya biya. Ku zauna ku haɗa jimillar abin da ya ɗauka a rubuta a takarda, a riƙa cirewa daga kuɗin tararsa, amma kada abin da ake cirewa ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu. In ₦200 kike ba shi, ki cire ₦50 kullum, shi da kansa yake sa alama a takardar. Iyaye da yawa a nan suke kuskure, su yanke kuɗin gaba ɗaya, yaro ya tafi makaranta da yunwa da kunya, gobe ya koma jakar. Ke ma ki sauya wa kuɗinki wurin ajiya, kada ki riƙa gwada shi da tarko.

Sai ki ba shi abin faɗa. Mu manya mun iya cewa "ka ce musu a'a", ba ma koya wa yaro yadda ake furta ta a gaban mutum biyar masu dariya. Jimla ɗaya gajera ta isa: "Ni na fita daga karɓa-karɓar nan, kowa ya ci nasa." Ki kuma ba shi izinin ya ɗora miki laifin: "Mamana ƙirga kuɗinta take yi, ta kama ni." Ku gwada a ɗaki, ke ki zama babban cikinsu, ki tsokane shi da gaske, ki ce masa ɗan mama, ki ce masa marowaci. Shi kuma ya maimaita jimlar nan yadda take, kada ya ƙara bayani, domin duk bayanin da ya ƙara igiya ce ya miƙa musu su ja shi da ita. Ya faɗa sau biyu, ya ɗaga ƙafa ya bar wurin. Ku yi haka sau uku ko huɗu a ranaku daban-daban har ta zauna a bakinsa. Zai yi dariya da farko, ba komai.

Ki gaya masa gaskiya cewa makon farko da na biyu za su yi ɗaci, tsokanar za ta ƙaru kafin ta lafa. A waɗannan kwanaki ki zuba masa abin tara daga gida wanda zai ishi mutum biyu, fanke ko dankali, don ya samu wanda zai zauna da shi. In kuwa kika ji da duka a ciki, ko barazana, ko 'yan manyan aji ne ke karɓar kuɗin, to ya tashi daga wasan yara ya zama ƙwace. Babansa ya je ya ga fom masta a keɓe, ya roƙi kada a ambaci sunan yaron. Kada kowa ya je bakin get ya tare 'ya'yan mutane, washegari ɗanku ne zai biya.

TAMBAYA: Ɗana yana SS2, shekararsa 16. Wata uku ke nan ya canza. Barcin rana kamar gawa, sallar asuba sai an yi da gaske, magana kuma a ja. Ya bar abokansa na Islamiyya ya koma wata majalisa a bayan makarantarsu. Ƙanwarsa ta tsinci kwalbar maganin tari a jakarsa, ya ce ajiya abokinsa ya ba shi. 'Yan'uwana sun ce in kai shi gidan mari tun kafin abin ya yi nisa.
Wani uba, Gusau

AMSA: Malam, Allah ya kawo mafita. Ko da maganar ajiyar gaskiya ce, ba ta kwantar da hankali, domin ta nan ake shiga. Sabon yaro mai fuskar mutunci shi ake ba wa riƙo tunda malamai ba sa zarginsa, daga riƙo sai "ɗan kurɓa mana ka ji". Alamun da ka zayyana kuwa sun yi kama da na wanda ya riga ya kurɓa.

Ka lura da shi na kwana uku zuwa biyar ba tare da ka ce komai ba. Mai shan maganin tari mai kodin baƙin tsakiyar idonsa yakan tsuke ya zama kamar kan allura ko a ɗaki mai duhu, yana yawan sosa jiki, bayan gida na yi masa wuya. Tiramol kan kawo gumi da rashin cin abinci, in ya yi yawa har jijjiga irin ta farfaɗiya. Wiwi jan ido ne da ci kamar gara. Mai shaƙar sholisho za ka ji wari a rigarsa, ka ga ƙuraje a gefen hanci da baki. Harshe ya yi shuɗi kuwa, ka yi zargin ƙwayar rafanol. Ka duba gorar lemo ma, domin cikinta ake juye maganin a riƙa yawo da shi a bainar jama'a. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma uku a tare da sauyin abokai da ɓatan kuɗi sun isa ka tashi tsaye.

Ka san kuma abin ya yi yawa a ƙasa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, miliyan 2.4 daga ciki maganin tari ne. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Ke nan kwalbar da ke yawo a hannun ɗalibai ta bayan fage ce, babu mai tabbacin abin da ke cikinta. Haka tiramol, mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne aka amince da shi a asibiti, masu 200 da 225 da ake sayarwa a lungu haramtattu ne.

Za ka ce yaron da ya yi karatun Islamiyya, ya aka yi ya faɗa? Saninsa na nan. A 2005 wasu masana biyu a Amurka, Margo Gardner da Laurence Steinberg, suka sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta. 'Yan shekara 13 zuwa 16 da aka zaunar da sa'o'insu kusa da su, kasadar da suka yi ta kusa ninka wadda suke yi su kaɗai, manya kuwa da kyar aka ga bambanci. Idon abokai shi kansa maye ne a wannan shekaru. Don haka nasiha kaɗai ba za ta yi ba, sai an rage sa'o'in da yake yi a gaban waɗannan idanu.

Ka yi masa magana da safe lokacin da yake cikin hayyacinsa, ku biyu, ko da kawun da yake jin nauyinsa. Ka faɗi abin da ka gani ɗaya bayan ɗaya, ban da zagi, ban da "ka kunyata ni". Ka ce masa asibiti za ku je, kuma ku je a makon. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato, da Barnawa a Kaduna, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi tana da masu ba da shawara a ofisoshinta na jihohi. Likita ne zai auna ko yaron ɗanɗano yake yi ko jikinsa ya riga ya kamu, kuma bambancin na da muhimmanci: wanda ya daɗe yana shan rafanol ko tiramol aka yanke masa rana ɗaya, yana iya shiga mawuyacin hali har da jijjiga. A hankali ake janye shi.

Gidan mari kuwa ba mu ba ka shawara ba. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutane fiye da 300 daga wani irin gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Ko a inda ba a kai haka ba, yaron da aka kai da kwalba ɗaya yakan kwana ɗaki ɗaya da waɗanda suka shekara goma a harkar, ya fito da sababbin malamai.

Tsakanin tashi daga makaranta da magariba nan ne ramin. Ka cike shi: shagon ɗinki ko gyaran waya wurin wanda ka yarda da shi, ko ƙwallo a ƙungiyar da ke da koci mai kiran suna. Kuɗi a hannu a rage, abin da yake buƙata a saya masa. Ka kuma yi masa alkawari ɗaya ka cika: duk inda ya samu kansa, ko ƙarfe nawa ne, in ya kira ka za ka zo ka ɗauke shi, faɗa sai gobe. Ranar da aka kasa tada shi daga barci, numfashinsa ya yi ƙasa sosai yana wani irin minshari, ko leɓɓansa suka sauya launi, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Kada a ɗura masa madara ko manja, shaƙe shi za su yi.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a SS1. Ƙawayena huɗu duk suna shafa mai, sun yi haske, ni kuma baƙa ce. Suna ce min baƙauya, sun ce in kawo ₦3,000 a haɗo min. Kuma duk suna da waya, ɗaya saurayinta ne ya saya mata, sun ce za su haɗa ni da abokinsa. Ba na so, amma in na rabu da su ba ni da kowa a ajin. Kada ku ce in gaya wa Mama.
Wata ɗaliba, Zariya

AMSA: 'Yarmu, kin yi hankali da kika rubuto, kuma kin riga kin ce ba kya so, wannan shi ne rabin aikin. Bari mu ba ki abin da za ki riƙe.

Man haɗi da ake sayarwa a roba babu suna yawanci abu uku ne a ciki: sinadarin haidurokwinon, da zaiba, da mayukan tub masu sitiroyid waɗanda asalinsu maganin ciwon fata ne na 'yan kwanaki. Hasken watannin farko gaskiya ne, shi ya sa ake ruɗuwa. Bayan nan fata ke yin siriri har jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsaga cinya da damtse, ƙuraje da makero su samu wurin zama, gaɓoɓin yatsu su ƙi yin fari su tona asiri. Ciwo ba ya saurin warkewa a irin wannan fata, ɗinki ma wahalar kamawa yake yi, abin da mace za ta tuna ranar haihuwa. Zaiba kuma ƙoda take taɓawa. A 2023 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Ki dubi hannun matan da suka shekara goma suna shafawa, ba na ƙawayenki da suka fara bana ba.

Amma kada ki je ki yi musu wannan karatu, za su ga kina nuna kin fi su, su haɗe miki kai. Ki ce, "Ni fatata ba ta son haɗi, ku bar ni da man kaɗanyata," ki yi dariya ki kawo wata hira. Gobe suka sake, ki sake faɗin haka. Tsokana abinci take nema, in ba ta ga ranki ya ɓaci ba takan gaji.

Maganar waya ta fi ta man haɗari. Namijin da ya sayi waya ya ba 'yar SS1 a ɓoye bashi ya ba ta, kuma zai zo karɓa: yau hoto, gobe "fito mu gaisa", jibi barazanar zai nuna wa babanki. Kada ki karɓa, kada ki yi magana da kowa ta wayar ƙawa, kada ki yarda a ɗauke ki hoton da ba za ki so yayanki ya gani ba.

Ba sai kin yi faɗa da su ba. Ki ci gaba da gaisawa, ki dai rage zama. Ajinku ya fi mutum biyar. Ki duba wadda ke zama ita kaɗai lokacin tara, ko wadda kuke hanya ɗaya zuwa gida, ki ce ta zo ku yi aikin lissafi tare. Kin ce kada mu ce Mama, to mun ji. Amma maganar haɗa ki da namiji ta fi ƙarfin ki riƙe ke kaɗai. Ki zaɓi babba ɗaya, yayarki ko gwaggo ko malamar Islamiyya, ki gaya mata a wannan makon.

TAMBAYA: Ni fom masta ne na SS3. Akwai yara biyu masu ƙoƙari da 'yan ajin suka matsa wa lamba sai sun riƙa ba su amsa a jarrabawa. Ɗaya ya ƙi, aka yaga masa littafi aka sa masa suna munafuki. Me zan yi da ba zai ƙara jefa su cikin matsala ba?
Wani malami, Katsina

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri. Abin da za ka guje wa da farko shi ne yabon yaron a gaban aji ko a asambuli. Ka ce "ku yi koyi da wane", ka gama da shi.

Ka ɗauke nauyin ƙin daga wuyansa ka mayar kan tsari. Wurin zama kai za ka raba da safiyar gwaji, ta hanyar ƙuri'a, kada a san wa zai zauna kusa da wa. Ka buga takardar tambaya kala biyu, tambayoyin iri ɗaya amma jerin ya bambanta, ka raba su layi-layi. Wanda ya kwafi "1 B, 2 D" daga maƙwabcinsa zai faɗi warwas sau ɗaya, labari ya bazu. Ka sanar cewa takardu biyu da suka zo da kuskure iri ɗaya duka sifili ne. Yanzu yaron ya samu abin faɗa: "Ka ji dai abin da Malam ya ce, ni ma kashe ni za ka yi."

Masu matsa lambar kuma tsoron faɗuwa ne ke cinsu. Ka buɗe musu ƙofar halal: rukuni na mutum biyar-biyar, minti 40 sau biyu a mako, ana bin tambayoyin WAEC da NECO na shekarun baya, masu ƙoƙarin su ne jagorori. Wanda ya koya maka a watan Fabrairu da wuya ka yaga littafinsa a watan Mayu. Ka kuma karanta musu doka sau ɗaya ba tare da ihu ba: Dokar Maguɗin Jarrabawa ta 1999 ta tanadi tarar ₦100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko duka biyun, ga wanda bai kai 18 ba. Hukumomin jarrabawa kuma suna riƙe sakamako ko su soke shi, mai bayarwa da mai karɓa duka. Wanda ya yaga littafi a hukunta shi a kan yaga littafi, ya saya sabo, kada a haɗa da maganar amsa.

Sai dai mu faɗi gaskiya, in makarantar da kanta tana karɓar "kuɗin taimako" a hannun iyaye lokacin jarrabawar fita, yaran abin da suka gani suke yi. Wannan a taron iyaye da malamai za a fasa shi.

TAMBAYA: Jikana ne a hannuna, yana aji na biyu a kwaleji. Ya liƙe wa wani yaro da ba na son tarbiyyarsa, kullum suna fada, wato majalisar samari, har dare. In hana su ne, ko in sauya masa lakwal (makaranta)?
Wata kaka, Maraɗi

AMSA: Inna, barka da ƙoƙari. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, Manzon Allah (SAW) ma ya kwatanta abokin banza da mai zuga wutar maƙera, in bai ƙona maka tufa ba ka sha wari. Amma hani kai tsaye yakan mayar da abota ta ɓoye, ki rasa ma inda suke. Ki sa doka a kan lokaci da wuri: magariba ta yi masa a gida, fada sai ranar da babu karatu. Abokin kuma ki jawo shi, ya zo ya ci tuwo a gabanki, ki tambaye shi ɗan gidan wa ne. Wani za ki tarar rashin mai kula ne kawai ke damunsa, wani kuma da kansa zai daina zuwa. In za ki yi wa jikanki magana, ki kama aikin da kika gani, "jiya sai ƙarfe goma ka shigo", ki bar zagin abokin, kare shi zai yi. Sauya lakwal a bar shi sai an ga ƙwaya, ko makami, ko duka, domin yaron da ya je sabon wuri bai san kowa ba, waɗanda suka fi saurin karɓar baƙo su ne irin waɗanda kike gudu.

TAMBAYA: 'Yata tana JSS2 a makarantar kwana. Kayan da nake haɗa mata na zango guda, madara da sukari da garin kwaki da sabulu, mako biyu suke ƙarewa. Bokitinta biyu sun ɓata. In na tambaya sai ta ce ba komai, ƙawaye ne. Ta rame, kuma hutun nan da aka zo komawa sai da ta yi kuka.
Wata uwa, Bauci

AMSA: Hajiya, yarinya na iya rabar da kayanta don a so ta, tana kuma iya bayarwa don tsoro. Rama da kukan komawa sun fi kama da na biyun, kuma a makarantar kwana mai karɓa yawanci siniya ce. "Ba komai" ɗin nan dokar ɗakin kwana ce, wadda ta kai ƙara ta san abin da zai same ta bayan an kashe fitila.

Ranar ziyara kada ki yi mata tambaya a tsakiyar fili inda ake shimfiɗa tabarmi kowa na kallo. Ki ja ta cikin mota ko bayan aji. Ki kama hannunta ki duba: tafin da ya yi kanta ko ya tsattsage alamar wankin mutane da ɗiban ruwa ne. Ki tambaye ta ƙarfe nawa take kwanciya, kayan mutum nawa take wankewa ranar Asabar, wa ke cin naman da ke cikin abincinta. Tambayar da ke neman adadi ta fi "ana cin zalinki?" samun amsa. Ku kuma shirya wata jimla tsakaninku, kamar "ki gaishe min da Inna ta Azare", wadda in ta faɗa ta wayar malama kin san nufinta ki zo.

Kayan kuma a daina ba ta su gaba ɗaya. Ki raba uku, kashi ɗaya a akwatinta, sauran wurin matiron ko malamar da kika ɗauka gadiyan, tana karɓa duk mako biyu. Kuɗi ma haka. Ki rubuta sunanta da fenti a bokiti da kwano, da zare a cikin kayan sawa. Ki ware mata ɗan abin da za ta bayar da hannunta, ƙuli-ƙuli ko cincin, domin yarinyar da ba ta ba kowa komai ita ma ba ta jin daɗin ɗaki. Ki nemi lambar uwar wata 'yar ɗakinsu, abin da 'yarki ta ɓoye wata ta faɗa a gidansu.

In ta tabbata cin zali ne, ki rubuta ƙorafi a takarda da kwanan wata, ki kai wa shugabar makaranta hannu da hannu, ki riƙe kwafi. Ki nemi a sauya mata ɗaki, a kuma yi binciken a matsayin na ɗakin gaba ɗaya ba da sunanta ba. Ki ba su mako biyu ki dawo ki gani da idonki. Ba a yi komai ba, ki wuce ofishin ilimi na shiyya da kwafin takardar. In kuwa kika ga tabo ko rauni a jikinta, ki fara kai ta asibiti a rubuta miki rahoto, kuma kada ta sake kwana a ɗakin nan sai an raba ta da wadda ta yi mata.